Wa Ya Saita Maka Burauzarka?



Yau zancen waya za mu yi, amma ba gaba ɗayanta ba. Manhaja guda za mu ɗauka a cikinta, wadda muke dannawa duk lokacin da za mu nemi wani abu a intanet. Ita ce burauza. A wayar wani Chrome ce. A ta wani Opera Mini ce, ko Firefox. Mai iPhone yana da Safari. Masu Tecno da Infinix da itel kuwa, da yawa sun tarar da Phoenix a ciki tun daga kwali.

Ga tambayata. Wannan burauza da kake shiga kullum, wa ya saita maka ita? Malam, kai ne? Hajiya, ke ce? Yawancinmu za mu ce a'a. Yadda ta zo, haka muka bar ta. To, saitin da waya ta zo da shi wani ne ya zaɓa. Ba kai ba ne. Wannan shi ne kan maganarmu ta yau, kuma za ku ji ina komawa kansa. Wani ne ya zaɓa maka, amma kana da ikon canzawa.

Ku ɗauki burauza a matsayin zauren wayarku. Duk baƙon da zai shigo daga intanet, ta nan zai bi. Nan ake tsayar da shi, ko a bar shi ya wuce cikin gida. Abin da muke kira saiti, shi ne umarnin da mai gida ya bari a zauren: wane ya shiga, wane ya tsaya.

Bari mu fara da dalili. Me ya sa ba za mu bar saitin yadda ya zo ba?

Saboda wanda ya ƙera burauza yana da tasa buƙatar. Ku duba Chrome, wadda ta fi kowace yawan masu amfani a duniya. Kamfanin Google ne ya fito da ita a 2008, kuma kyauta yake ba da ita. Amma kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da kamfanin ke samu daga talla suke zuwa. Talla kuwa ta fi tsada idan an san wanda ake yi wa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ban ce Chrome ba ta da tsaro ba. Wajen tare ɓarayi tana da ƙarfi ƙwarai. Amma tsare ka daga ɓarawo daban, rufa maka asiri daga mai talla daban.

Ta yaya ake sanin inda ka shiga? Hanya mafi daɗewa ita ce kukis. Wani ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a wayarka domin ya gane ka idan ka dawo. Wani matashin injiniya, Lou Montulli, shi ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994. Niyyarsa mai kyau ce. Ba don kukis ba, da duk shafin da ka buɗe sai ka sake saka sunanka da kalmar sirri. Matsalar ta zo ne da kamfanonin talla suka fara ajiye nasu kukis ɗin ta cikin shafukan wasu. Ka shiga shafin labarai, suna nan. Ka koma shafin ƙwallo, suna nan. Ka nemi bayanin wata cuta da kake jin nauyin faɗa wa kowa, nan ma suna nan. Shi ya sa za ka duba farashin takalmi sau ɗaya, takalmin ya yi ta bin ka shafi-shafi har mako.

Firefox ta fara toshe masu bibiyar nan da kanta tun 2019. Safari ta toshe irin waɗannan kukis a 2020. Google ma ya yi alkawari a farkon 2020 cewa zai kawar da su daga Chrome. Aka yi ta ɗage rana. A 2024 ya fito ya ce ya fasa. Ke nan mai Chrome, in yana so a toshe, sai ya shiga da hannunsa. Ɗigo ukun nan da ke saman kusurwar dama za ka danna. Ka shiga inda aka rubuta Settings. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da wayarsu ke Faransanci, Paramètres za ku gani. Ka nemi sashen sirri da tsaro, ka ga inda ake maganar kukis na wasu kamfanoni, ka zaɓi toshewa. Wani lokaci shafi ɗaya zai ƙi aiki yadda ya kamata. In ka amince da shi, sai ka buɗe masa shi kaɗai.

To, wannan ke nan. Yanzu mu zo kan abin da ya fi damun mutanenmu, kuma a nan zan ɗan jima.

Kun san wannan ƙarar da waya ke yi babu gaira babu dalili? Ka ɗauka saƙo ne daga ɗan uwa. Ka duba, sai ka ga an ce wayarka ta kamu da bairos. Ko an ce ka ci kyautar miliyoyi. Ko kuma, Allah ya kiyaye, hoton batsa ya faɗo a fuskar waya kana zaune cikin iyalinka, ko yaro na riƙe da ita yana wasa. Dattawa nawa ne suka ji kunya a kan wannan? Wasu har zargin 'ya'yansu suke yi. Wasu su ɗauki wayar su nufi Farm Centre ko titin Beirut a Kano, su ce wa mai gyara a yi mata filashin, hotuna da lambobi duk su tafi.

Sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau. Ga abin da ya faru. Wata rana an shiga wani shafi, watakila don sauke fim ko waƙa, ko duba sakamakon wasa. Sai ɗan akwati ya fito yana neman izinin turo sanarwa. Kalmomi biyu ne a ƙasa da Turanci, Allow da Block. Da Faransanci, Autoriser da Bloquer. Na farko izini ne, na biyu hani. Masu wayo sun san ba ma karantawa. Har ƙarya suke haɗawa, su ce danna na farkon ka nuna kai mutum ne, ko danna kafin bidiyo ya buɗe. Kana dannawa ka ba su lasisi. Daga ranar za su riƙa aiko maka abin da suka ga dama, ko da ka rufe shafin, ko da ka manta sunansa.

Maganin ba ya cin ko sisi. Ka koma saitin burauza. Ka nemi saitin shafuka, wato Site settings. A ciki akwai sanarwa, Notifications. Za ka ga jerin shafukan da ka taɓa ba izini. Ka shirya, za ka yi mamaki. Sunaye ne za ka gani da ba ka taɓa ji ba, haruffa a cakuɗe da lambobi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka cire. In ka tambaye ni, kashe abin gaba ɗaya ya fi. Shafi nawa ne a duniya da ya cancanci ya tashe ka daga barci?

Kuma ku riƙe wannan. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarka ya gano cuta. Duk shafin da ya ce ya ƙirga bairos a wayarka, yana kaɗa jan rubutu, yana sa wayar rawa, ƙarya yake yi. So yake ka tsorata ka sauke wata manhaja. Manhajar ita ce cutar. Rufe shafin kawai.

Tunda muna cikin saitin shafuka, kada ku fita sai kun leƙa maƙwabtan sanarwar. Akwai izinin kyamara. Akwai na makirfo. Akwai na sanin wurin da kake. Ku duba wa kuka ba. Shafin taswira yana da hujjar sanin inda kake. Shafin sauke waƙa fa, ina ruwansa da unguwarku? Ku bar su a kan sai an tambaye ku, kuma in an tambaya, ku saba da cewa a'a. A wannan zamani da masu garkuwa da mutane ke neman bayanin inda mutum yake kwana, ba na ganin wannan ƙaramar magana ce.

Masu sauraro, mu juya zuwa batu na gaba. Shi ne sabunta manhaja.

Na san abin da za ku ce. Data ta yi tsada. Gaskiya ne. Mutum ya sayi 'yar datar da zai yi hira da ita ta kwana biyu, sai waya ta ce tana son sabuntawa. Da yawanmu mun kashe wannan tun ranar farko. Wasu ma mai shagon ne ya kashe musu, yana ganin taimako ya yi.

Amma ku ji abin da ya faru a watan Satumba na 2023. An gano wata ɓaraka a yadda burauza ke buɗe wani nau'in hoto da ake kira WebP. Masu bincike na kamfanin Apple da na cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto a Kanada ne suka kai rahoto. Ɓarakar ta shafi Chrome da Firefox da Edge da wasunsu. Haɗarinta shi ne, hoton da aka haɗa da mugunta zai iya zama hanyar shiga na'urarka. Ba sai ka saka kalmar sirri ba. Ba sai ka sauke komai ba. Buɗe shafin da hoton yake ya isa. Kuma Google ya ce an riga an fara amfani da ita wajen kai hari kafin a toshe. Cikin 'yan kwanaki kamfanonin suka fitar da gyara. To, gyaran ta ina zai iso wayarka? Ta sabuntawar nan da ka kashe.

Ba a ce ka sabunta duk tarkacen da ke wayarka ba. Zaɓi za ka yi. Burauza, da manhajar banki, da WhatsApp. Ka shiga Play Store ka nemi sunan burauzarka. In ka ga tana jiran sabuntawa, ka danna. Ka yi da datar dare in ita ta fi maka sauƙi. Masu kafe da bizines senta kuma, ina da magana da ku. Kwamfutar da har yanzu ke kan Windows 7, Chrome ta daina samun gyara a kanta tun farkon 2023. A kan irinta ake cika wa yaran mutane fom, ana saka lambar NIN da hotonsu. Ku dubi Allah ku duba wannan.

Sai kuma maganar kwaɗo. Wannan ta daɗe tana ruɗa mutane, har da masu ilimi.

Shekaru ana koya mana cewa in ka ga ɗan hoton kwaɗo kusa da adireshin shafi, to shafin amintacce ne. Rabin gaskiya ce. Abin da kwaɗon ke nufi shi ne, abin da ke tafiya tsakanin wayarka da shafin a kulle yake, na tsakiya ba zai karanta ba. Bai ce komai ba a kan halin mai shafin. Ɗan damfara ma yana da kwaɗo, domin takardar shaidar da ke kawo shi kyauta ake samunta yanzu. Google da kansa ya yi bincike, ya tarar kashi 11 cikin ɗari kacal na waɗanda aka tambaya suka fahimci ainihin ma'anarsa. Shi ya sa a 2023 Chrome ta cire hoton kwaɗon ta sa wata alama a gurbinsa.

Ke nan rashin kulle alamar haɗari ce, amma samun kulle ba shaidar gaskiya ba ce. In burauza ta ce maka shafi ba shi da tsaro, kada ka rubuta komai a cikinsa. A sashen sirri da tsaro akwai wurin da za ka kunna, ka ce kullum a bi ta kullalliyar hanya, in babu a gargaɗe ka. Ka kunna shi. A nan kuma za ka ga Safe Browsing, wato tsarin da ke fito da jan shafin gargaɗi idan ka nufi wurin da aka san na 'yan damfara ne. Mataki uku ne. Akwai kashewa, akwai na kullum, akwai ƙarfafaffe da aka ƙaro a 2020. Kada ka taɓa barin sa a kashe. Shi ƙarfafaffen ya fi saurin gane sabon tarko, amma da sharaɗi: yana aika wa Google ƙarin bayani a kan shafukan da kake shiga. Ga tsaro, ga sirri, sun ja daga. Ni dai ra'ayina, ga mahaifiyata ko kawuna da ke danna duk abin da aka turo a guruf, ƙarfafaffen zan kunna. Ɗan jarida ko lauya da ke riƙe da sirrin wasu, shi sai ya auna.

In jan shafin nan ya fito, jama'a, ku koma baya. Akwai ɗan rubutu a ƙasa da ke ba ka damar ci gaba. Ba don kai aka sa shi ba.

Abin da ya fi kwaɗo amfani shi ne karanta adireshi. Ku ɗauki misalin hukumar JAMB. Adireshinta jamb, ɗigo, gov, ɗigo, ng. Wannan wutsiyar ta gov ɗigo ng, ta hukumomin gwamnatin Najeriya ce, ba kowa ake ba ba. Ɗan damfara zai sa sunan hukuma ko na banki a farko, inda ido ke fara sauka. Sai ya ƙarasa da wata wutsiya daban. Don haka ƙarshen sunan za ka duba, dab da sandar farko da ta karkata. Nan mai shafin na gaskiya yake. Duk linkin da aka turo a WhatsApp cewa gwamnati na raba tallafi, ko kamfanin waya na raba data, a cika fom a tura wa guruf biyar, ku duba wutsiyarsa. Ba a raba tallafi ta hanyar tura wa guruf biyar.

Yanzu bari in taɓo wani abu da samari suka fi yarda da shi. Shafin ɓoye, wanda Chrome ke kira Incognito, mai hoton hula da tabarau.

Da yawa sun ɗauka in sun shiga nan sun ɓace. Ba su ɓace ba. Aikinsa ɗaya ne. In ka rufe, ba ya barin tarihi da kukis a kan wannan na'urar. Wanda zai ɗauki wayar bayanka ba zai ga inda ka je ba. Iyakarsa ke nan. Kamfanin layinka yana iya sanin shafin da ka nufa. Mai wayifai na ofis ko makaranta ma haka. Shafin da ka shiga yana ganin ka. In ka saka sunanka a Facebook a ciki, ai ka gabatar da kanka. Abin da ka sauke kuma yana nan a wayar. Har kotu aka je a kan wannan a Amurka. A 2020 wasu suka maka Google ƙara, suna neman diyyar dala biliyan 5, suka ce ya ci gaba da tattara bayanansu alhali suna cikin shafin ɓoye. A 2024 aka bayyana sulhun da aka yi. Kamfanin ya amince zai goge ɗimbin bayanan, ya kuma gyara rubutun da ke bayyana abin da shafin ke iya yi.

Yana da amfani a inda ya dace. Ka ari wayar aboki don duba imel, shiga ta nan. Ka je kafe, shiga ta nan, in ka gama ka rufe da hannunka kafin ka tashi. Amma harkar banki a kwamfutar kafe, ko ta shafin ɓoye ne, ban ba ka shawara ba. Ba ka san abin da aka dasa a cikinta ba.

Wannan ya kawo mu kalmar sirri, kuma a nan akwai wata al'ada tamu da nake so mu dube ta da kyau.

Mutum ya sayi sabuwar waya. Bai iya buɗe imel ba. Sai ya miƙa wa yaron shago, ya ce buɗe mini. Yaron ya buɗe, ya zaɓi kalmar sirri da kansa. Sau da yawa lambar wayar mai ita ce, ko sunansa da shekarar haihuwa. Ya rubuta a bayan kwali ko a guntun takarda, wani lokaci ma bai rubuta ba. Mai waya ya yi godiya ya tafi. To, wannan imel ɗin shi ne uwar komai. Da shi Chrome ke haɗe. Duk kalmar sirrin da burauza ta tambaye ka ko ta adana ka ce e, can take tafiya. Tarihin shafukanka, can. Lambobin mutanenka da hotunanka, galibi can. Wanda ya san kalmar sirrin imel ɗin zai iya zama a wani gari ya buɗe duk wannan. Yawancin yaran shagon nan mutanen kirki ne, neman halak suke yi. Amma sirrin da mutum biyu suka sani, ka san sauran.

In wani ne ya buɗe maka, ka canza kalmar yau. Ka sa doguwa, wadda ba sunanka ba, ba lambar wayarka ba, ba sunan ɗanka na fari ba. Sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ta yadda ko an san kalmar, sai an sami izini daga wayar da ke hannunka.

Shin laifi ne burauza ta adana kalmar sirri? A wayarka ta kanka, ni ban ga laifi ba. Ya fi a ce kalma ɗaya kake sawa a ko'ina, domin in shafi ɗaya ya yi yoyo, duk sauran sun tafi. Amma da sharaɗi. Dole fuskar wayar ta kasance a kulle, da lamba ko zanen yatsa. In ba kulle, duk wanda ya tsinci wayar ya tsinci komai. Ku tuna wayoyinmu suna yini a shagon caji, suna kwana wurin mai gyara. A kwamfutar da ba taka ba kuwa, in ta tambaya ko ta adana, amsar a'a ce kullum. Lambar katin cirar kuɗi ma, ni ban so a bar wa burauza ita a wayar da yara ke ɗauka.

Saura 'yan abubuwa, zan bi su da sauri.

Idan ka danna linki a cikin Facebook ko Instagram ko TikTok, sau da yawa ba burauzarka ce ke buɗewa ba. Wata ce ta cikin manhajar, kuma duk gyaran da muka yi bai shafe ta ba. A 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa a iPhone waɗannan manhajoji suna cusa nasu umarnin cikin shafukan da aka buɗe ta cikinsu. Don haka in shafin na buƙatar kalmar sirri ko kuɗi, danna ɗigo ukun nan, ka zaɓi a buɗe a burauzarka ta waje.

Opera Mini ta yi wa talaka rana, ba mai musu. Tun zamanin ƙananan Nokia take rage mana cin data. Yadda take yi shi ne, a matakin tsimi mafi tsanani, shafin yana fara bi ta kwamfutocin kamfanin, a matse shi, sannan ya iso gare ka. Wato akwai mai shiga tsakani. Don karanta labarai, madalla. Don banki, yi amfani da manhajar bankin. Ita kuwa UC Browser, tun 2015 cibiyar Citizen Lab ta wallafa rahoton cewa tana fitar da bayanan masu amfani da ita ba tare da kulle mai kyau ba.

Sai manhajojin VPN na kyauta. Da yawa sun sauke su don su ci gaba da shiga Twitter lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da ita, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An buɗe Twitter, har ta canza suna, su kuwa suna nan a wayoyi. Duk zirga-zirgarka ta hannun mai manhajar take bi. In ba ka san ko waye ba, kuma ba ka buƙata, cire ta. Haka nan in shafi ya ce ka ba burauza izinin girka manhaja daga wajen Play Store, ka ƙi. Ta wannan ƙofar jabun manhajojin bashi da jabun WhatsApp suke shigowa.

Na san akwai mai cewa, ni me nake da shi da za a sata? Asusuna ko dubu biyar babu. Ɗan uwa, kana da suna. Kana da lambar BVN da NIN da za a iya cin bashi da su. Kana da 'yan uwa da in suka ga saƙo daga lambarka cewa kana asibiti, za su tura kuɗi ba tare da tambaya ba. Amanar da mutane suka ba ka ita ake nema.

Wani kuma zai ce, ai akwai doka. Akwai. Najeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita. Ghana tana da tata tun 2012. Nijar ma tana da hukumar kare bayanan mutane. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma yadda ake sarrafa bayanan 'yan ƙasa na cikin dalilan. Wannan ci gaba ne. Amma doka da manyan kamfanoni masu ofis da lauyoyi take iya kokawa. Wanda ya buɗe shafin bogi jiya, ya rufe gobe, kafin takarda ta same shi ya yi nisa.

Kuma kada in bar ku da zaton saiti ya gama komai. Duk gyaran da muka lissafa ba zai hana ka rubuta lambar sirrin katinka da yatsanka ba. Ba zai hana ka karanta wa mai kira lambar nan da banki ya turo maka ba. Banki ba ya tambayar ta. Duk wanda ya tambaya, ko da ya kira sunanka da na mahaifinka, kashe wayar.

To, masu sauraro, lokaci ya ja. Saitin da waya ta zo da shi wani ne ya zaɓa, yau sai ku zaɓi naku. Ba sai kun yi duka a zama ɗaya ba. In kun sami natsuwa bayan sallar isha'i, ku fara da sanarwar nan, ku share jerin. Gobe ku sabunta burauza. Jibi ku canza kalmar sirrin imel. Matasan gida, ku da kuka iya, ku karɓi wayar Baba da ta Inna ku duba musu. Amma ku yi a gabansu, kuna nuna musu inda kuke dannawa, kalmar sirrin kuma ku bari su saka da kansu. Malaman makaranta da shugabannin guruf-guruf, ku isar wa waɗanda ba su ji ba.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu da mutuncinmu. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, ku huta lafiya.